Ka Yaba Wa Akurkin Baturiya A TikTok, Ka Raina Na Kakarka

 Yau ba siyasa, ba rigimar 'yan fim, ba ƙwallo. Maganar kaji zan yi muku, da kwalaben tumatir. Na san wani har ya ɗaga yatsa zai wuce gaba. Dakata tukuna ɗan'uwa, ai ka sha tsayawa a kan irin wannan maganar, sai dai ba da Hausa aka yi maka ita ba.

Ka tuna irin bidiyon nan da ke yawo a TikTok da Facebook? Wata Baturiya a ƙauyen Amurka ta fito da sassafe da ɗan kwandonta, ta buɗe ɗakin kaji na katako da aka shafe da farin fenti, ta kwashi ƙwai, ta koma kicin ta jera kwalabe cike da jan tumatir a kan kanta. Ka kalla har ƙarshe, ka tura wa abokinka. Ke kuma 'yar'uwa har kika ɗora a sitatus, kika ce irin rayuwar da kike mafarki ke nan. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. To amma ranar da aka ce ka je ka rufe wa kakarka akurki da magariba, yaya fuskarka ta koma? Ranar da Umma ta ce ki zo ki taya ta yanka tumatirin shanya, ba cewa kika yi kina da karatu ba?

Abu ɗaya ne fa. Can an ɗauke shi da kyamara mai kyau an sa masa kiɗa, nan kuma yana tsakar gidanmu da ƙurarsa da warinsa, shi ya sa muke kiransa ƙauyanci. Su ma can ɗin ba don ado kaɗai suke yi ba. Da murar tsuntsaye ta yi ɓarna a gidajen gonar Amurka, farashin dozin ɗin ƙwai ya haura dala 6 a watan Maris na 2025, mutane da yawa suka koma neman 'yan tsaki su ajiye a bayan gida. Adana abinci a kwalba kuwa, wani Bafaranshe mai suna Nicolas Appert ne ya wallafa hanyar yinsa tun 1810, kwalbar nan mai murfin murɗawa da kake gani a bidiyon kuma tun 1858 aka yi mata rajista a Amurka. Abin da suka fi mu shi ne sun rubuta nasu, da awo da mintuna, jika ya gada daga kaka a takarda. Namu yana cikin kan tsofaffi, tsofaffin kuma tafiya suke yi ɗaya bayan ɗaya.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. A 2022, lokacin dogon yajin aikin malaman jami'o'i da ya kwashe wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ina zaune a gida ba aikin fari ba na baƙi. Sai na faɗa kallon bidiyoyin kiwon fararen kajin nan na gidan gona, burola. Lissafi a waya daɗi gare shi: ka sayi 'yan tsaki 50, ka ciyar da su sati 6 zuwa 8, ka sayar, ka ninka kuɗinka. Na duba kalanda na ga Ƙaramar Sallah za ta faɗo farkon watan Mayu. Na ce shi ke nan, kakata ta yanke saƙa. Ashe kakar tawa tana gefe a kan tabarmarta tana kallona.

Na fasa asusun da nake tarin canza waya, na ƙara da rance daga wurin yayata. Ɗakin kajin ma da hannuna na haɗa shi, don kada in ba kafinta ko sisi. Wani maƙwabcinmu ya sauya rufin gidansa, na roƙi tsofaffin kwanukan, na zagaye kusurwa huɗu da kwano, sama kwano, na bar wata 'yar taga da ba ta fi faifai ba na sa mata raga. Na jingina shi da katangar yamma, saboda nan ne ba ya tare wa kowa hanya. Da na gama, Inna ta dogara sandarta ta zo ta zagaya shi sau ɗaya, ta ƙwanƙwasa kwanon, ta ce, “Maigida, ɗakin kaji ne wannan ko tanderun gurasa ka gina mana?” Na ce, “Inna, wannan kiwon zamani ne, ba irin naku ba.” Ta ce, “To, Allah ya ba da sa'a.” Ta koma tabarmarta.

Sati uku na farko komai lafiya, don ɗan tsako ɗumi yake so. Har hotuna na riƙa ɗorawa ana yi mini fatan alheri, wasu suna kirana Alhaji. Sai Afrilu ta shigo, ga azumi, ga zafin Kano da kan haura digiri 40. Abin da babu bidiyon da ya gaya mini shi ne kaza ba ta gumi. Baki take buɗewa tana haki don ta rage zafi, burola kuma ga nauyin jiki, ga cunkoso. Rana ɗaya tsakanin azahar da la'asar, na ɗan kwanta saboda azumi ya taɓa ni, na tashi na tarar da 14 a miƙe. Cikin kwana huɗu 31 sun tafi. Ragowar 19 na rabar da su a wulaƙance tun Sallah ba ta zo ba. Bashin yayata sai da na shiga wata shekarar kafin na gama biya, har yau kuma idan muna faɗa sai ta tuna mini.

A wannan satin da nake kwasar mushe da buhu, kajin Inna suna ƙarƙashin darbejiya suna wankan ƙasa. Ko ɗaya ba ta yi atishawa ba.

Kada wani ya ce na ce kiwon burola ba sana'a ba ce. Sana'a ce, akwai masu riƙe gida da ita, kuma sun san abin da suke yi. Abin da nake cewa shi ne ba nan ɗan koyo mai kuɗin aro zai fara ba. Kowace burola takan ci kilo 4 zuwa 5 na abinci kafin ta isa yanka, wato guda 50 za su lashe wajen buhu 9 mai kilo 25. Abincin nan shi ke cinye kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin kiwo, kuma masara ce da waken suya, farashinsu ba a hannunka yake ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 naira kuma ta faɗi, manyan gidajen gona ma da dama sun rufe, balle kai da ka shigo da lissafin TikTok. Ga ta kuma idan ta isa sayarwa ba ta jira. Duk kwanan da ta ƙara a hannunka ribarka take ci.

Bayan abin ya lafa ne na je na tsuguna gaban akurkin Inna na dube shi da idon basira, abin da nake wucewa ta gabansa tun ina rarrafe. Ginin laka ne da aka cuɗa da ciyawa, zagayayye kamar ƙaramin rumbu, tsayinsa bai kai ƙuguna ba. Laka ba ta ɗaukar zafi da sauri, da rana cikinsa sanyi, da daren hunturu ɗumi. An huda ƙananan ramuka kusa da samansa don iska, ƙanana yadda muzuru ba zai zura kai ba. Ƙofarsa ba ta kallon gabas, don daga can hadari ke tasowa da iska, ba ta kuma kallon yamma inda ranar la'asar ke duka. A ƙasa tana barbaɗa toka saboda ƙuma da ƙwarƙwatar kaji. Wurin saƙar ƙwai fasasshiyar tukunya ce da ƙaiƙayi a ciki. Da magariba a toshe ƙofar da wani faffaɗan dutse. Babu abin da aka saya da kuɗi a jikinsa, kuma babu abin da aka yi shi a banza. Na tambaye ta wa ya koya mata, ta ce, “Wa ya koya maka cin tuwo?”

Abincinsu ma haka. Dusar surfe, tsakin gero, ɗan ragowar tuwo da aka jiƙa, sauran su fita su yi tono. Idan akwai 'yan tsaki, sai ta cusa busasshen kashin shanu da karmami a tsohuwar tukunya, ta yayyafa ruwa, ta kife ta inda gara take. Washegari a ɗaga, gara ta cika ta, a zazzage wa 'yan tsaki. Wannan shi ne abincin gina jikin da nake biyan kuɗi a buhu.

Kazar Hausa takan saka ƙwai 10 zuwa 15, ta kwanta a kansu kwana 21, ta ƙyanƙyashe, ta yi renon abinta da kanta, kuma takan yi haka sau uku ko huɗu a shekara. Ba ta neman injin ƙyanƙyasa, ba ta neman wutar lantarki. Da damina idan zabi sun fara ƙwai, Inna takan sayi ƙwan zabi ta sa wa kaza, don zabuwa ba ta iya zaman kwanci ba, shi kuma yakan kai kwana 26 zuwa 28. Inna ba ta taɓa buɗe asusu a banki ba, amma ban taɓa ganin baƙo ya sauka a gidanmu an rasa abin yanka masa ba. Kuɗin Laraba na makarantar allo, kuɗin magani, gudummawar biki, duk daga akurkin nan suke fitowa. Mahaifinmu ya ce kazar da aka ba shi lokacin da aka yi masa kaciya ita ta zama kaji, kajin suka zama akuya, 'ya'yan akuyar suka saya masa kekensa na farko. Da yana faɗa muna dariya. Yanzu da na san kuɗin keke na daina.

Mu 'yan yanzu mun riƙe karin maganar nan ta ƙwai a baka ya fi kaza a akurki da hannu bibbiyu. Komai muna so yau-yau, shi ya sa duk wanda ya zo da alƙawarin ninka kuɗi a sati shida yake samunmu a arha, ko da kaji ya zo ko da wata manhaja.

To amma ba zan yi muku ƙarya in ce komai na Inna daidai ne ba. Akwai inda iliminta ya tsaya, kuma nan ne ni da kai muke da amfani. Kusan duk hunturu sai annoba ta shigo unguwa. Ka ga kaza ta yi jugum, fukafukai sun saki, tana koren kashi, wata wuyanta ya murɗe tana juyawa wuri ɗaya. Cikin sati akurki ya koma kango. Inna takan jiƙa barkono da ɓawon maɗaci, daga baya aka koya mata ɓare kafso na mutane a ruwansu. Duk ba sa yi, domin cutar Niyukasil ce mafi yawan lokuta, ƙwayar bairos ce, irin waɗannan magungunan ba sa taɓa ta. Kafson ma illa yake ƙarawa, don yawan ɗura wa dabbobi maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai yana cikin abin da ke sa maganin ya daina aiki a jikin mutane. Abin da ke aiki shi ne rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin sa, har da nau'in da ake kira I-2 wanda ya fi jure zafi, aka yi shi domin irin kajinmu na gida. Ɗigo ɗaya ne a ido, a maimaita duk bayan wata uku zuwa huɗu. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, kuma da zarar an haɗa ta da ruwa dole a ƙarar da ita cikin ɗan lokaci. Ka ga ke nan aikin matashi ne: ka je wurin likitan dabbobi, ka haɗa gidaje biyar ko goma a layinku, a yi rana ɗaya. Zauren WhatsApp na unguwa da ake ta musun ƙwallo a ciki, ga abin da zai yi ya amfani iyayenmu.

Haka maganar shaho da shirwa. Kaza ta ƙyanƙyashe 12, bayan wata guda ka ƙirga ka ga huɗu ko biyar. Inna takan ce rabonsu ne. Ni kuwa na ga keji mai raga da za a tsare uwar da 'ya'yanta na sati huɗu zuwa shida na farko yana rage wannan rabon ƙwarai. Kazar da aka sayo daga kasuwa kuma a ware ta sati biyu kafin ta shiga cikin na gida. Sannan don Allah mu bar ɗabi'ar nan ta a kawo wuƙa da sauri kafin ta mutu. Tun Fabrairun 2006 da aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona a Jaji ta Jihar Kaduna, cutar take tafiya tana dawowa, kuma tana iya kama mutum. Idan kaji suna zubewa da yawa lokaci ɗaya, a binne su, a wanke hannu, a sanar da ma'aikatan dabbobi. Ba na miya ba ne.

Wanda ke ganin kazar Hausa ta cika jinkiri, don takan kai wata biyar zuwa shida kafin ta zama wani abu, akwai na tsakiya. Akwai noila da ta cika kasuwa yanzu, tana girma da sauri kuma tana iya kiwon sake. Akwai Shika Brown mai ƙwai, wadda cibiyar NAPRI ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ta samar don yanayinmu. Amma ni dai shawarata ka fara da biyar na gida. Idan ka iya raya biyar har suka zagayo shekara, ka san wani abu.

Na san mai cewa, mu a gidan haya muke, ina muka ga fili? Gaskiya ne, kuma kada ka je ka jawo wa iyayenka rigima da mai gida ko maƙwabta. Ka nemi izini tukuna. Amma kaji huɗu ko biyar ba su fi ƙarfin lungun da ake jibge tsofaffin bokitai ba. Wari daga jiƙaƙƙen ƙasa yake zuwa. Ka zuba buntun shinkafa ko dusar katako, ka riƙa kwashewa, abin da ka kwashe kuma taki ne da masu lambu ke saye. Idan carar asuba ce matsalar, ga abin da na tarar abokaina da yawa a jami'a ba su sani ba: kaza tana yin ƙwai ko babu zakara. Ƙwan dai ba zai ƙyanƙyashe ba, amma zai soyu.

Yanzu kwalba. Duk wanda ya tashi a irin gidanmu ya san akwai wata rana tsakanin Janairu da Maris da ba a dafa abincin kirki, saboda ranar tumatir ce. Lokacin ne na rani yake fitowa daga Kadawa da Kura, kasuwar Kwanar Gafan ta cika ta batse, kwando ya faɗi warwas har manomi yana rasa mai saye. Umma takan sa a sayo mata kwando biyu. Tun asuba ake wanki, ana ware masu tabo. Aikina shi ne ɗaukar bokiti zuwa inji, in dawo da markaɗe a ka yana zubo mini a wuya, ina addu'ar kada in haɗu da 'yan matan layinmu. Sai a ɗora babbar tukunyar biki a murhu, a yi ta dafawa ana juyawa har ruwan ya ƙone ya yi kauri, gidan duk ya ɗauki ƙamshi, hayaƙi yana sa mu hawaye. Kwalaben Bama kuwa shekara guda ake tara su, har gidan maƙwabta ake aike. A dafa su da murafensu, a zuba tumatirin da zafinsa a bar ɗan sarari a sama, a goge baki, a murɗe. Sannan a shimfiɗa tsumma a gindin tukunya, a jera su, a zuba ruwa ya sha kansu, a sake tafasawa. Da safe Umma takan bi su ɗaya bayan ɗaya tana danna murfi da yatsa. Wanda ya lotsa ciki ya kama, a kai shi ƙarƙashin gado. Wanda ke motsi, miyar ranar ke nan.

Amfanin wahalar sai damina ake ganinsa, lokacin da tumatir ke zama zinariya. Ba na mantawa da 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira Sharon, wasu kuma Ebolar tumatir, ta cinye gonaki a Kano da Kaduna har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Ina ƙaramar sakandare lokacin. Gidaje da yawa sun haƙura da miyar dage-dage, mu kuwa Umma sai ta durƙusa ta jawo kwalba. Har da na kai wa maƙwabta a ɓoye cikin hijabin ƙanwata.

Daga baya muka daina. An sayi firiza, ga tumatirin leda a kowane kanti, aka ce wahalar me. Sai ga wuta tana yin kwana uku ba ta leƙo ba, markaɗe ya narke ya yi tsami a zubar. A tsakiyar 2024, lokacin da alƙaluman hukuma suka nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, kun dai ga yadda aka riƙa koyar da miyar karas da ta kokwamba a intanet saboda tumatir ya gagara. Muna ta dariya muna turawa juna. Ni dai ban ga abin dariya ba, don watanni kaɗan kafin nan tumatirin yana ruɓewa a bakin titi.

Sai dai ki saurara da kyau 'yar'uwa, kafin ki je ki tara kwalabe. Wannan aikin yana da haɗarin da Umma ma ba ta san sunansa ba. Akwai wata ƙwayar cuta da ke rayuwa inda babu iska, tana fitar da guba mai shanye jiki, ana kiran ciwon botulizim. Tafasar ruwa ta yau da kullum ba ta kashe irinta, kuma ba dole abin ya yi wari ko ya canza kala ba. Abin da ke hana ta tasiri shi ne tsami. Tumatir yana da tsami amma a kan gaɓa yake, shi ya sa masana ke cewa a ƙara babban cokali ɗaya na ruwan lemon tsami a kwalba mai rabin lita, a kuma tafasa kwalaben minti 40 zuwa 50 gwargwadon girmansu, a fara ƙirga daga lokacin da ruwan ya tafasa. Tattasai da attaruhu da albasa ba su da wannan tsamin, saboda haka kada a haɗa markaɗensu a ciki, a shanya su daban. Nama, kifi, wake, kada ki kuskura ki rufe su a kwalba da tafasar tukunya. Su sai tukunya ta musamman mai matse tururi. Duk murfin da ya kumbura, ko aka buɗe ya yi kumfa, a zubar ba tare da an ɗanɗana ba. Wanda ya yi kyau ma a dafa shi sosai, aƙalla minti 10 yana tafasa, abin da miyarmu ta saba yi dama.

Da na karanta wannan sai na ƙara ganin girman kakanninmu. Ba su san sunan ƙwayar cuta ba, amma dubi yadda suka bi da nama: kilishi, dambu, soyayyen naman layya da ake ƙona ruwansa ƙaf. Dubi kauɗar tumatir, busasshiyar kuɓewa, kuka, karkashi, barkono, zoɓo. Duk dabara ɗaya ce, a raba abinci da ruwa, rana kuma kyauta muke samunta. Gyaran da ya rage mana shi ne shanya a ƙasa. Kauɗar da ake bazawa a gefen kwalta, ƙura da hayaƙin mota da akuya duk su bi ta kai, ita ta sa wasu ke ƙyamarta. Ɗan gado na katako da raga sama da ƙasa ya raba wannan gardama, kuma duk yaron da ya iya haɗa kejin tattabara zai iya haɗa shi.

Akwai wanda ya wuce mu har abada a gidanmu. Gwaggo, yayar mahaifinmu, ita ce mai daddawa. Daga unguwanni ake aiko saye. Mun san matakan a baki: a dafa kalwa ta kwana a wuta, a surfe, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu zuwa uku, a kirɓa, a shanya. Amma yaya take gane ta yi? Me take dubawa idan ta ɗaga murfin ta sake rufewa ta ce da saura? Allah ya yi mata rasuwa, Allah ya jiƙanta. An gwada sau biyu bayanta, duka biyun zubarwa aka yi. Na bincika wayoyin gidanmu kaf, hotunanta na Sallah da na biki ba sa ƙirguwa, amma babu bidiyon minti ɗaya tana aikin daddawa. Ni da nake karanta aikin jarida, ni da aka koya wa riƙe kyamara da yin tambaya, ina gidan ban yi ba.

A aji an koya mana cewa kafafen yaɗa labarai su ke zaɓar mana abin da za mu ɗauka da muhimmanci. Da editoci ke wannan zaɓen, yanzu manhaja ce, ita kuma abin da aka ɗora mata take juyawa. Idan ba mu ɗora akurkin Inna ba, ƙannenmu na Baturiya kaɗai za su gani, su ɗauka daga can aka fara. Saboda haka wannan hutun, kafin datarka ta ƙare a kan rigimar da ba ta shafe ka ba, ka zauna kusa da tsohuwar gidanku ka kunna rikoda. Ka tambaye ta yadda ake gane ƙwan da zai ƙyanƙyashe, da watan da ake shanya kuɓewa, da abin da ke hana ƙwari shiga wake. Za ta fara da zolayarka, ka daure. Abin da ka samu ka auna shi da na likitan dabbobi da na malaman gona, ka rubuta da Hausa, da awo da kwanaki, ka ɗora.

Ni dai na rushe tanderun gurasa. Na sake haɗa wani a ƙarƙashin darbejiya da falankan da na tsinto, raga ta ɓangare uku, kwano a sama kaɗai, na kuma shimfiɗa masa zana don zafi. Inna ce ta zaɓi wurin, daga kan tabarmarta, da sanda take nunawa don idon ya yi rauni yanzu. Kaji biyar ne da zakara ɗaya, an ɗiga musu rigakafi tare da na gidaje shida a layinmu. Idan na koma makaranta ƙanina ke kula da su, da sharaɗin ƙwai biyu duk Juma'a. Wata wake-wake a cikinsu tana kwance a kan ƙwai 11, yau kwana 13. Jiya na kira gida in ji labarinta, Inna ta karɓe wayar ta ce in sani tun yanzu, biyu daga cikin 'yan tsakin nata ne, kuɗin makaranta. Na ce Inna ai ba su fito ba tukuna. Ta ce, “Maigida, naka ne ba su fito ba. Nawa na riga na ji motsinsu.”